Kuɗi Hannu A Birni, Bashi A Gida

Ya ku 'yan'uwa manoma, a wannan mako za mu ɗan jingine zancen huɗa da zuba taki, mu yi magana a kan wani abu wanda ba a cikin gona yake ba, amma kuwa aikin gona ba ya tafiya daidai sai da shi. Abin nan kuwa shi ne 'yan shagunan da ke cikin garuruwanmu da ƙauyukanmu, watau mai tireda na bakin masallaci, da mai sayar da taki da iri da maganin feshi na bakin kasuwa, da maƙeri, da bakanike mai gyaran injin ban-ruwa, da mai injin niƙa. Za mu ɗauki misali da ƙasar Bodinga da ta Shagari a Jihar Sakkwato, amma duk wanda ya karanta zai ga maganar ta shafi garinsu.

Garuruwan nan biyu suna kan babbar hanyar mota wadda ta fito daga Sakkwato ta bi ta Tambuwal ta nufi Jega. Bodinga ita ce ta fi kusa da birni, tafiyar ba ta kai sa'a guda ba a mota, Shagari kuwa tana gaba da ita. Kusanci da birni alheri ne, amma ya jawo wata ɗabi'a a wurin manoma da yawa. In mutum ya sayar da albasa ko wake ko rago, kuɗi suka cika aljihu, sai ya hau mota ya tafi Sakkwato ya yi sayayyarsa. In kuwa bazara ta yi, rumbu ya yi ƙasa, aljihu ya bushe, sa'an nan ne zai tuna da mai shagon unguwarsu, ya je ya ce masa, "Malam, a rubuta mini." Watau kuɗi hannu na birni ne, bashi kuwa na gida. To, wannan ɗabi'a ita muke so mu auna tare da ku, mu ga wa take cuta.

ASALIN KANTI

Ciniki ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa. Tun zamanin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yake zaune a Sifawa, ƙanensa Malam Abdullahi yana Bodinga, kafin Shehu ya koma Sakkwato a 1815, garuruwan nan suna da masaƙa da marina da maƙera da dukawa da 'yan koli. Alhaji Shehu Shagari, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, mahaifinsa Malam Aliyu manomi ne, makiyayi, kuma ɗan kasuwa kafin a naɗa shi Magajin Shagari. A ƙasarmu manomi da ɗan kasuwa galibi 'yan gida ɗaya ne, wani lokaci ma mutum ɗaya ne.

Da Turawa suka zo sai aka sami wani irin ciniki sabo. Jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda a 1929, manyan kamfanoni irin su U.A.C. da John Holt da G.B.O. suka buɗe kantuna a manyan garuruwan lardin Sakkwato, musamman Gusau. Ita kalmar kanti ma aro ce daga Turanci. Suna sayen gyaɗa da auduga da fata da ƙirgi, suna sayar da atamfa da akoko da gishiri da kananzir da kwanon rufi. Ribar kuwa ƙetare take tafiya. Yau ina kantunan nan? Da ciniki ya sāke, sai suka naɗe tabarmarsu daga garuruwanmu.

Ko a zamanin nan an ga irin haka. Babban kantin nan na Shoprite ya buɗe a Kano a 2014, masu shi na Afirka ta Kudu suka sayar da hannunsu na Nijeriya a 2021, reshen Kano kuma ya rufe a farkon 2024. Ba zarginsu muke yi ba, don kuwa babban kanti riba ta kawo shi, in ta ƙare sai ya tafi. Amma mai shagon Danchadi ko na Kajiji ba shi da inda za shi. Nan aka yanke cibiyarsa, nan gonarsa take, nan 'ya'yansa suke karatu. In gari ya yi daɗi da shi za a sha, in ya yi ɗaci ma da shi.

LISSAFIN TAFIYA BIRNI

Hujjar da manomi ya fi kawowa ita ce araha. Yakan ce kaya sun fi sauƙi a Sakkwato. Wannan kuwa gaskiya ne, ba ma musu. Mai shagon ƙauye daga birni yake sarowa, dole ya ɗora kuɗin mota da 'yar ribarsa. Amma mu zauna mu yi lissafin sosai, irin na mai hankali.

A ce, misali, buhun taki ya fi araha da naira 1,000 a birni, kai kuwa buhu biyu kake bukata. Ka tsira da naira 2,000 ke nan a baki. To, cire kuɗin babur daga ƙauyenku zuwa bakin titi. Cire kuɗin mota zuwa da dawowa. Cire kuɗin da direba zai sa wa kowane buhu, da ladan ɗan dako, da abin da za ka ci da rana. Sa'an nan ka tuna ka bar gonarka yini guda, wanda in da ƙwadago za ka sa a yi maka aikin wannan yini, ka san abin da za ka biya. In ka gama lissafi sau da yawa za ka tarar arahar nan ta narke a hanya, har ma ka ɗora daga aljihunka.

Lissafin nan ya daɗa nauyi tun daga ranar 29 ga Mayu 2023, da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta tashi ta koma wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta zarce haka nesa. Kuɗin mota da na babur suka bi ta. Mai shago mutum ɗaya ne yake tafiya ya ɗauko kayan mutum hamsin a mota ɗaya, saboda haka kuɗin motar ya rarrabu a kan kowa kaɗan-kaɗan. In kuwa mutum hamsin ɗin nan kowa ya tafi da kansa, an biya kuɗin mota sau hamsin. Wannan ba ya bukatar ilmin boko kafin a gane shi.

RANAR SHUKA BA TA JIRA

Abu na biyu shi ne lokaci. Daminar ƙasar Sakkwato gajeruwa ce, galibi daga watan Yuni zuwa Satumba. In ruwan shuka ya sauka da dare, da asuba kowa yana gona da sungumi. Ƙasarmu kuwa jigawa ce, ba ta riƙe laima. Wanda ya tashi ran nan ya tarar irinsa bai isa ba, in akwai mai sayar da iri a garinsu kafin hantsi ya koma gona. In babu, sai ya tafi birni, kafin ya dawo ƙasa ta sha iska, sai jiran wani ruwan, wanda ba wanda ya san ranar zuwansa sai Allah.

Haka nan ga masu noman rani, irin waɗanda ke aiki a fadamu da kewayen madatsar ruwa ta Shagari. Albasa da tumatir da tattasai da shinkafa ba sa haƙuri da ƙishirwa. In injin ban-ruwa ya tsaya saboda fulogi, ko roba ta tsage, ko tiyo ya fashe, abin da zai gyara shi ƙaramin abu ne wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Amma in babu shi a kusa, dashen da aka yi wa wahalar wata guda yana iya lalacewa cikin kwana biyu na zafin bazara. Bakanike da mai sayar da kayan gyara na gari su ne masu tsaron wannan dashe, ko da yake ba su taɓa shiga gonar ba.

Haka kuma in tsutsa ta faɗa wa masara, ko ƙwari suka sauka a kan furen wake. Feshin da aka yi yau ya fi wanda aka yi jibi. To, amma ku lura da abu ɗaya. Mai shago ba zai ajiye fulogi da tiyo da magani yana jiran ranar da za ka matsu ba, sai in yana samun cinikinka a sauran ranaku. Ba ya yiwuwa ka hana shi cinikin buhu goma na kaka, sa'an nan ka ce lalle ka same shi a buɗe ranar da kake neman abin naira ɗari biyu.

WANDA KA SAN GIDANSA

Abu na uku ya fi sauran girma, watau amana. Kowane manomi ya ji labarin takin da aka gauraya da yashi, da irin da aka shafa wa jan launi aka ɗura a leda alhali hatsin kasuwa ne, da maganin feshin da aka tsinka da ruwa ko wanda kwanansa ya ƙare. Ɓarnar nan ta yi yawa har Gwamnatin Tarayya ta kafa dokoki biyu a 2019, ɗaya ta kula da ingancin takin zamani, ɗaya kuma ta hukumar kula da irin shuka. Dokoki suna da kyau, amma jami'in da zai bi kowace kasuwa ya duba kowane buhu ba ya isa ko'ina.

In ka sayi iri a hannun wanda ya shimfiɗa buhu a bakin tasha ran kasuwa, bayan kwana bakwai in bai tsiro ba ina za ka gan shi? Amma mai shagon garinku ka san ƙofar gidansa, ka san mahaifinsa, sahu ɗaya kuke yin salla. In ya cuce ka za ka kai shi gaban mai unguwa ko sarkin kasuwa, kafin magariba gari duka ya ji. Shi ma ya san haka. Kunya da tsoron zubewar mutunci sun fi kowane sufeto tsare shi.

Ga dabaru biyu waɗanda saye a gida yake ba ka damar yi. In iri ne, sayi ɗan kaɗan tun da sauran mako biyu kafin shuka. Ƙirga ƙwaya 100, ka jera su a kan tsumma ko buhun algarara mai laima, ka naɗe, ka ajiye a inuwa kana yayyafa ruwa. Bayan mako guda ka buɗe ka ƙirga waɗanda suka tsiro. In sun kai 80 ko fiye, irin yana da rai, koma ka sayi abin da kake bukata. In ba su kai ba, ka kai masa tsumman ya gani da idonsa. In kuwa takin yuriya ne, farin nan mai kama da sukari, ɗebi cokali guda ka zuba a kofin ruwa ka motsa. Na ƙwarai narkewa yake yi sarai. In ka ga yashi ko tsakuwa sun kwanta a ƙasa, an yi masa algus. Wanda ya sayo daga nesa, ko ya gane an cuce shi, kuɗin motar komawa ya hana shi neman hakkinsa.

Har wa yau mai shago na kirki malamin gona ne a fakaice. Shi zai gaya maka irin geron SOSAT yana nuna da wuri, shi ya sa ya dace da gajeruwar damina. Shi zai kawo maka irin shinkafa FARO 44, ko irin waken SAMPEA na cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya. Ku tuna a 2015 ƙasashen Turai suka hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa, irin wanda wasu ke zubawa cikin buhu wai don kada wake ya yi ƙwari. Alhali kuwa akwai buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi tare da abokan aikinsu na Afirka. Leda biyu ne a ciki da buhu ɗaya a waje. In an ɗaure kowanne da kyau iska ba ta shiga, ƙwarin sai su mutu ba tare da an sa ko ɗigon magani ba. Irin wannan abu ba ya isa ƙauye sai ta hannun mai shago, shi kuwa ba zai saro ba sai ya ga ana tambaya.

INDA KUƊIN KE ZUWA

Yanzu mu bi sawun kuɗin. Ka ba mai shagon Dingyadi ko na Dandin Mahe naira dubu goma. Gaskiya ne mafi yawansu zai mai da su birni ya saro wasu kaya. Amma ribar da ta rage a hannunsa ina za ta? Zai auni gero a hannun manomi, watakila ma kai ne. Matarsa za ta sayi nono a wurin Bafilatana, da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da daddawa a wurin matan da ke sana'a a cikin gida. Zai biya yaron shago, da mai babur da ke ɗauko masa kaya daga titi, da tela, da magini in zai gyara ɗaki. In an tashi gyaran rijiya ko masallaci ko makarantar allo, ana zuwa wurinsa, ba ya kuwa iya cewa a'a. Naira ɗaya sai ta zaga hannu biyar ko shida kafin ta bar gari. Wadda ka kashe a birni kuwa ta tafi ke nan, ba ta san hanyar garinku ba.

Maƙeri ma haka. Fartanya da garma da lauje da gatarin da aka ƙera a garinku an yi su ne daidai da ƙasarku da hannunka. In ƙota ba ta yi maka ba a sāke, in baki ya dakushe a koɗa, in ya karye a ɗinke. Kowane maƙeri da ya rufe maƙera don rashin ciniki, yaransa biyu ko uku sun rasa sana'a. Ina suke zuwa? Da an gama girbi sai su hau mota su tafi cin rani Legas ko Fatakwal ko Abuja, wasu ba sa dawowa ko da damina. Sa'an nan mu zauna muna kukan ba a samun 'yan ƙwadago lokacin noma. Hausawa suka ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. To, kuɗi ma haka suke.

RANAR WUYA

'Yan shekarun nan sun koya mana darasi, sai dai mai saurin mantuwa. A 2020, da cutar korona ta zo, aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi wata da watanni. A watan Janairu na 2021 gobara ta cinye wani babban sashe na babbar kasuwar Sakkwato. Sa'an nan ga abin da ya faru a farkon 2023, bayan Babban Bankin Nijeriya ya sāke fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Tsofaffin kuɗi aka janye, sababbi ba su wadata ba. Mutum yana da kuɗi a banki, ko yana da akuya a turke, amma ba shi da abin sayen gishiri. An daɗe cikin wannan hali har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin.

A kwanakin nan wa ya rufa wa mutanen ƙauye asiri? Ɗan kasuwar birni bai san ka ba, ba zai ba ka ko ashana bashi ba, ba kuwa laifinsa ba ne. Mai shagon unguwa shi ne ya buɗe littafi, ya ba da omo da sukari da man girki da maganin sauro, ya ce sai abin ya warware. Waɗansu sun karɓi mudun gero ko ƙwai a maimakon kuɗi, kamar zamanin kakanni. Ba jinginar gona, ba takarda, ba mai tsaya maka. Saninka da sanin iyayenka shi ne jinginar. Irin wannan banki ba a gina shi rana ɗaya, kuma in ya rushe ba gwamnatin da za ta gina maka wani.

CIWON DA KE KASHE SHAGO

To, me ke rushe shi? Bashi. Ku tambayi duk wanda ya taɓa buɗe shago a ƙauye ya rufe, cikin amsoshinsa za ku ji wannan. Jarin mai shago ƙanƙane ne, wani daga adashi ya haɗa, wani sa ya sayar. Shi ma sau da yawa bashi ya ɗauko a hannun babban ɗan kasuwa na birni, wanda ba zai ba shi wasu kaya ba sai ya biya na farko. In rabin jarinsa yana rubuce a littafi, ga shi kuma kaya suna tashi kullum, ko an biya shi bayan wata shida kuɗin ba za su sayo abin da ya bayar ba. Sai ka ga kantar da ke cike bara ta koma kwalin ashana da 'yan alewa. Sa'an nan masu bashin nan su ne za su fara cewa, "Ai shagon wane ba kome a ciki, gara a tafi birni."

Ko gwamnati ta ga wannan. A 2012, lokacin da Akinwumi Adesina yake ministan aikin gona, aka fito da shirin raba taki ta wayar hannu, manomi ya sami saƙo ya je wurin dillalin taki ya karɓi buhu biyu a rabin kuɗi. Dabarar ita ce a bi ta hannun 'yan kasuwa, don su ne suke kusa da manomi. Bayan 'yan shekaru shirin ya yi rauni, ɗaya daga cikin dalilan kuwa shi ne ɗimbin bashin da dillalan suka biyo gwamnati. In jinkirin biya ya iya durƙusar da manyan dillalai, ina ga mai tireda?

An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne ka sayar da amfanin gona ka bi ta bayan gari don kada mai shago ya gan ka.

NASU LAIFIN

Kada masu shaguna su ce mun goya musu baya ido rufe. Akwai waɗanda suke kore masu ciniki da hannunsu. Wani in ya ga shi kaɗai ke da abu a gari sai ya tsawwala kuɗi. Wani mudunsa na saye dabam, na sayarwa dabam. Wani yana ɗura maganin feshi a kwalbar lemo ba suna ba kwanan wata, ya ajiye shi kusa da garin kwaki da sukari, wannan kuwa wasa da rayukan mutane ne. Wani yakan ajiye yuriya a ƙasa mai laima har ta dunƙule. Mafi muni shi ne mai ba da falle, watau ya ba manomi kaya da bazara a kan zai karɓi hatsi ninki in kaka ta yi. Wannan ba taimako ba ne, yanka ne da wuƙar katako.

Mai shagon da ke son jama'ar garinsu su tsaya masa, lalle ya tsaya musu. Ya saro kaya daga dillalan da aka sani, ya karɓi rasit. Ya sayar da magani a cikin kwalbarsa ta asali mai lambar hukumar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. Ya raba wurin magani da wurin abinci. Ya ɗora buhunan taki a kan katako. Ya sa riba daidai wa daida, don riba kaɗan mai dawowa kullum ta fi babba ta rana ɗaya. In kuma abin da ya sayar ya fito da aibi, ya karɓa ba tare da rantse-rantse ba.

SHAWARARMU

Ba mu ce kada kowa ya taka Sakkwato ba. Akwai abubuwan da ba a samu sai can, kamar sabon injin ban-ruwa ko kayan aure. Mai sayen buhu talatin kuma lissafinsa dabam ne da na mai buhu biyu. Abin da muke ba da shawara shi ne wannan.

Na ɗaya, kafin ka hau mota ka fara tambaya a gida. In bambancin bai wuce kuɗin mota da wahalar yini ba, saya a gida, kuma ka biya hannu da hannu in kana da hali.

Na biyu, in kaka ta yi, bashin mai shago ya zama cikin abubuwan farko da za ka sauke, tun kafin sabuwar waya da sabon babur. In ba ka iya biya duka, kai rabi, ka faɗi ranar cikawa, ka kuma cika.

Na uku, ku haɗa kai. Manoma goma ko ashirin na unguwa ɗaya, ko 'yan ƙungiyar gama kai, su rubuta abin da kowa ke bukata na taki da iri tun watan Afrilu, su kai wa mai shagon da suka yarda da shi tare da wani abu na kafin alƙalami. Shi kuma da ya ga ciniki mai yawa tabbatacce zai samo a farashin sari, ya rage muku, kayan su iso kafin ruwa ya sauka, kafin kuma farashi ya hau. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na huɗu, abin da ba ka samu ba ka faɗa masa. In mutum uku suka tambayi buhun PICS ko wani sabon iri, ran da zai je sari zai tuna.

Na biyar, ya ku sarakunan noma da masu unguwanni da sarakunan kasuwa, ku sa ido a kan mudu da sikeli, ku tsawata wa mai algus, ku kuma tsawata wa mai cin bashi ya ƙi biya alhali yana da hali. Duka biyun gari suke kashewa.

Manomi da mai shagon garinsu kamar shanun huɗa ne a ƙarƙashin karkiya ɗaya, in ɗaya ya kwanta ɗayan ba ya ja. Kowa ya dubi littafin da sunansa yake ciki tun kafin hadari ya fara haɗuwa a gabas. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu girbe lafiya, ya hore mana abin biyan bashi, amin.